Jar Tuta a Ƙofar Makewayi

Gara in faɗa da bakina kafin maƙwabta su riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ba kuwa ƙaramin wawa ba, wawa mai furfura da babbar riga, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, har aji huɗu a zamanin da aji huɗu yake aji huɗu, ya kuma yi aikin planto, wato masinja, a biron auduga, ofishin kamfanin, har ƙafafunsa suka ce sun gaji. Takardun da na ɗauka daga wannan tebur zuwa wancan, da a ce ilimi yana shiga mutum ta hammata, da yanzu ni nake koyar da malaman jami'a.

Abin ya faro ne daga 'yata ta fari. Bakina bai taɓa kama sunanta ba, ba kuma alƙalamina ne zai fara ba. Injiniya nake ce mata. Ta yi karatun kwamfuta a Gaundare, ta dawo Garwa ta kama aiki a wata ajans, wato kamfanin manyan motocin fasinja, ita ce mai rubuta wa na'urar sayar da tike abin da za ta yi. Wata rana da la'asar ta shigo gida fuska a ɗaure, ta zauna gefen tabarmata a gindin darbejiya, ta buɗe kwamfutarta ba ko sannu da hutawa ta kirki.

Na ce, "Injiniya, wa ya mutu?"

Ta ce, "Kujera, Baba. Mun sayar da kujera ɗaya ga mutum biyu."

Ashe da safe an yi biki a tasharsu. Wani mai shanu da zai wuce Meiganga da wata mata mai busasshen kifi 'yar Yagwa, kowa da tikensa a hannu, lamba ɗaya, mota ɗaya, ba kuma wanda ya yi ƙarya. Matar ta riga shi zama. Da ya matsa mata, sai ta ce in ya gaji da tsayuwa ga kwandon kifinta nan, ya hau.

Na gyara zama irin na wanda ya san aikin biro, na ce, "Mai sayarwar ne ɓarawo. A kore shi."

"Ba ɓarawo, Baba. Taga biyu ce ake sayarwa. A cikin na'urar kuma kowace taga tana da ma'aikacinta, mu zare muke ce musu, suna aiki lokaci guda. Wannan ya leƙa kujera ya ga ba kowa. Kafin ya rubuta ya kama, wancan ma ya leƙa ya ga ba kowa. Sai duka biyun suka rubuta."

"Tsakanin leƙawa da rubutawa fa, rata nawa ce?"

"Ba ta kai ƙiftawar ido ba."

"To me zai iya shiga ratar da ba ta kai ƙiftawar ido ba?"

Ta ce, "Mai shanu da mai kifi."

Gaskiya ta kama ni. Sai ta juyo mini da allon kwamfutar, ta nuna mini wasu layuka da ban ga bambancinsu da sawun kaji ba, amma na gyaɗa kai kamar na gane. Ta ce maganin abin tuta ce. Tuta guda a bakin kujerun, ko tana sama ko tana ƙasa, ba tsakiya. Na'urar kuma tana da umarni guda mai cewa, ɗaga tutar nan ka gaya mini yadda ka same ta. Dubawa da ɗagawa motsi ɗaya ne, ba mai iya kutsawa tsakaninsu. In aka ce maka a ƙasa ka same ta, hanya taka ce, ka shiga. In aka ce dama a sama take, wani ya riga ka, ka koma ka sake gwadawa. Ta ce irin wannan motsin da ba ya rabuwa biyu, atomik ake ce masa.

Kalmar ta yi mini daɗi a baki. Kwanaki na yi ina yawo da ita. Mai shayi ya zuba madara da sukari tare, na ce masa, "Atomik." Bai gane ba, na ji tausayinsa.

Ta ci gaba da bayani ranar, na tuna ta fara cewa, "Sai kuma wanda ya ɗaga, in ya gama..." Amma ni tuni na tafi wani tunani. Mai aji huɗu ba ya buƙatar wutsiyar magana.

Tunanin kuwa na makewayin gidanmu ne. Guda ɗaya ne tak, nan ake wanka, nan ake zagayawa, katanga ce ba rufi da ƙofar kwano. Sakatar ƙofar ta karye tun Injiniya tana rarrafe, kuma tun lokacin nake shirin gyara ta. Hanya biyu ake zuwa masa: mata ta wajen madafa, maza da baƙi ta wani lungu da ya taso daga zaure. Tsarin uwargida shi ne tsarin uwarta: in ka shiga ka yafa zane ko riga a katanga, in ka zo ka yi gyaran murya, na ciki ya amsa da tari. Uwargida tana da wani tari na musamman, wanda in ta yi shi har tantabaruna sai sun tashi. Ni kuma ba da daɗewa ba na leƙa katanga na ga ba zane, na koma cika buta, na dawo na kai hannu ƙofa, sai ƙanwar uwargida da ke zaune tare da mu ta saki tari daga ciki, na yar da butar a ƙafata. Ranar da Injiniya ta yi mini bayanin nan sai na ga abin sarai. Ni ne mai shanu, ita ce mai kifi.

Da ban yi komai a kai ba, don ni mutum ne mai shirin gyara, ba mai gyara ba. Baƙi ne suka sa.

Akwai wani yaro ma'aikacin jinya a asibiti, Bafulatani mai natsuwa, da suka daidaita da Injiniya. Ubansa ya rasu, magana tana hannun baffansa, wani tsoho mai shanu a can bayan Pitowa. Baffan nan bai so abin ba. A wurinsa Hausawan birni ba su da kunya: suna ci a titi, suna magana kamar masu kiran kasuwa, ga yarinya kuma tana wuni cikin maza tana danna na'ura. Da ƙyar ya yarda zai zo gaisuwa ya gani da idonsa. In abin ya kwanta masa, zai buɗe baki ya nemi aure. In bai kwanta ba, zai sha nono ya ce sai sun yi shawara, shi ke nan kuma an rufe maganar, don yaron ba zai tsallake baffansa ba. Injiniya kuwa na ga ta daina gama tuwonta.

Damina ce, hanyar rugarsu ba ta da kyau, sai na aika cewa lallai su kwana. Wannan ma ni na matsa.

Uwargida ta ja mini kunne. Ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙo. Kakarka ta Barno, ka bar ta ta huta a kabarinta. Ba wasa aka zo yi ba." Ta san ni. Kakata Babarbariya ce, kuma da wannan ɗigon jinin nake tsokanar duk Bafulatanin da ya gitta, tunda tsakanin Barebari da Fulani wasa ne, ba a fushi. Na yi mata alkawari.

Sai na zauna na yi lissafin abin da zai fi ɓata mu a idon tsohon. Na ga ba wani abu ba ne illa a ce Bafulatani mai fulaku, kunyar nan tasu ta gado, wanda ko ruwa ba ya sha a gaban suruki, ya tsaya a ƙofar makewayi yana musayar tari da matan gida. Nan ilimi zai yi aikinsa.

Na fara da ƙusa biyu da jan ƙyalle biyu, ɗaya ta wajen mata, ɗaya ta lungu. Na kira Injiniya ta duba. Ta ce, "Baba, in Inna ta leƙa ta can, baƙo ya leƙa ta nan, kowa ya ga ba ƙyalle, kowa ya rataya nasa fa?"

"Su shiga tare ke nan?"

"Ka sake gina kujerar mai shanu."

Na ji haushi, amma na cire ƙusoshin. Na je wajen kafinta ya yanko mini katako kamar tafin hannu, na shafa masa jan fenti, na kafa ƙusa guda a jikin ƙofar inda duk hanyoyin biyu suke haɗuwa. Doka ita ce: mai shiga ya cire katakon ya shiga da shi. In hannunka ya same shi, ka duba ka kuma kama a motsi guda. In ƙusa ba komai, da mutum a ciki. Ko mutum biyu sun miƙa hannu tare, ɗaya ne zai tashi da shi. Injiniya ta zagaya ta duba, ta ce, "Wannan kam atomik ne, Baba." Rabon da in ji daɗi irin na ranar tun da wani Bature a biro ya ce rubutuna yana da kyau.

Na ƙara wata dabara tawa ta kaina, wadda ba ta cikin karatun Gaundare. Don kada tutar ta faɗa rami, na ɗaura mata igiya, mutum ya rataya a wuya.

Na tara matan gida na karanta musu doka. Daga yau ba tari, ba gyaran murya, ba zane a katanga, ba ƙwanƙwasa ƙofa. Tuta kaɗai ke magana.

Uwargida ta ce, "In na zo ƙusa ba komai fa?"

"Ki koma, ki dawo ki duba."

"Har yaushe?"

"Har ta dawo."

"To," in ji ta. Uwargida tana da "to" iri-iri. Wannan irin wadda ake ajiyewa ce don gaba.

Injiniya ta ce, "Baba, amma ka gaya musu wanda ya ɗauka dole..."

Na ce, "Na sani, na sani. Ba ke kaɗai kika yi lakwal ba."

Baƙi suka iso da azahar, Baffa da ƙanensa. Baffa dogo ne siriri, da malfa da sanda, idonsa kamar yana ƙirga haƙarƙarin mutum. Muka yi ta jam na, jam, jam saare, jam, har gaisuwa ta ƙare don kanta. Hausarsa ta kasuwar shanu ce, Fulatancina na kasuwar Garwa, muka haɗu a tsakiya. Aka kawo abinci ya taɓa kamar mai jin tsoron ya ji masa ciwo. Bai yi murmushi ba. Na riƙe kakata da hannu biyu.

Bayan la'asar na ja su lungu kamar zan nuna musu tantabaru. Ban ambaci sunan wurin ba, shi ma bai kalle shi ba. Na ciro katakon na yi bayani da murya ƙasa-ƙasa. Baffa ya karɓa ya jujjuya shi.

"Ba tari?"

"Babu."

"Ba magana?"

"Ko ɗaya. Mutum ya zo, ya duba ƙusa, ya wuce kamar iska yake sha."

Ya daɗe yana kallon katakon. Sai ya ce, "Boɗɗum." Wato abu ya yi kyau. Ya tambayi wa ya ƙirƙiro, na ce ni, da ɗan taimakon yarinyar. Gefen bakinsa ya motsa. Har aka kwanta tuta tana fita tana dawowa, ba wanda ya ga wani, ba wanda ya ji wani. Gidanmu bai taɓa yin shiru irin na masu ilimi kamar ranar ba.

Da gari ya waye ni na fara wanka. Na cire tuta, na rataya a wuya yadda doka ta ce, na yi wankana. Hankalina yana bakin Binuwai, don ina so in samo wa baƙi giwan ruwa kafin masu gidajen abinci su kwashe. Na zura riga, na ɗora babbar riga, na fita ta zaure da sauri baƙi suna lazimi, na tare moto, wato ɗan acaɓa. Tuta tana kwance a ƙirjina tana shan iskar kogi.

Kifi na samu, babba, mai sheƙi. Da na dawo gida daga nan, da ba a rubuta wannan labari ba. Amma teburin mai shayi yana kan hanya, abokaina kuma suna zaune, tsofaffin direbobi da wani tela, mutanen da ba su taɓa jin kalmar atomik ba. Ba daidai ba ne mai ilimi ya wuce jahilai bai tsaya ba. Na jera kofuna biyu a matsayin mai shanu da mai kifi, cokali ya zama tuta. Tela ya ce shi a gidansu sakata suke sakawa. Na ce masa sakata ta mutanen da ne. Waya ta yi ƙara a aljihuna, na ga Injiniya ce, na kashe. Ta sake kira, na sake kashewa. Ba a katse malami yana tsakiyar darasi. Na sha shayi, aka ƙaro, na sha.

Abin da ya faru a gida kuwa daga baya aka ba ni labari, kuma an ba ni shi sau da yawa, ba don na roƙa ba.

Uwargida ta aika wa baƙi kunun gyaɗa da ƙosai da ƙwaryar nono. Baffa, da yake hankalinsa ya kwanta da gidan, ya sha sosai. Can ya miƙe kamar mai duba hadari, ya bi lungu, ya saci kallon ƙusa. Ba komai. Ya tsaya ya yaba tantabaru, ya dawo tabarma. An jima ya sake tashi. Ba komai. Ya sake yaba tantabaru. Ƙanensa ma ya tashi nasa zagayen, ya dawo ya zauna a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A ransu wata daga matan gida ce a ciki, kuma Bafulatani ya gwammace ya mutu a zaune da ya yi wa matar surukai gyaran murya.

Ta ɗaya gefen kuma mata suna leƙowa daga madafa, su ga ƙusa ba komai, su ce Baffa ne a ciki, Allah ya ba shi lafiya. Wa zai yi wa baƙo irin wannan tari, ga kuma dokar maigida? Ƙanwar uwargida ta ɓoye buta a mayafi ta tsallaka maƙwabta. Baffa ba shi da maƙwabta a Garwa, ba kuma daji. Rana ta ɗaga, irin ranar garinmu da ke fitowa bayan ruwa kamar tana bin mutum bashin gaba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Gida cike da mutane masu ladabi, kowa yana gadin ɗakin da ba kowa.

Daga ƙarshe Baffa ya ce wa ƙanensa ya ɗauko malfa da sanda. Za su tafi. Ba zai faɗi dalili ba har abada, zai dai ce sai sun yi shawara.

Injiniya tana ɗaki, don ba ta fitowa gaban surukai, amma tagarta tana ganin bakin zaure ta tsakanin labule. Ta ga an ɗauko malfa. Sai aikinta ya motsa mata, ta fara bin mutanen gida ɗaya-ɗaya: baƙi biyu ga su, Inna tana madafa, ƙanwar Inna ta dawo. To wa ke riƙe da tuta? Ta kira ni, na kashe. Ta leƙa madafa ta ce, "Inna, kin ga fitar Baba?"

Uwargida ba ta ga fitata ba. Ta tuna ina da hawan jini. Ta yar da muciya ta nufi makewayi, ta saki tarin nan nata, doka ko ba doka. Tantabaru suka tashi. Ba amsa. Ta banka ƙofa tana salati. Ba kowa sai buta da wani ƙadangare yana mata gyaɗa kai.

Ta ce da farko ta gode wa Allah, sa'an nan ta fara tanadin abin da za ta gaya mini. Amma ga matsala a gabanta: yaya za a sanar da baƙi wuri ya samu, ba tare da an nuna an san suna nema ba? Sai ta ɗauko ludayinta na duma, ta ɗaura masa jan ƙyallen da na yar, ta rataya a ƙusa.

Injiniya ta ce, "Inna, tuta biyu fa ke nan. In Baba ya dawo da tasa..."

"Rufe mini baki. Ilimin ubanki ya ishe ni na yau."

Baffa, malfa a kai, sanda a hannu, ya ce bari ya yi wa tantabaru sallama. Ya ga ludayi da jan ƙyalle. Tsoho ne mai fahimta. Ya jingine sanda.

Daidai nan moto ya sauke ni a ƙofar gida. Shayin da na sha ya fara neman hakkinsa tun a hanya. Na sunkuya zan ɗauki kifi, sai wani abu ya buge ni a ƙirji. Na laluba. Katako.

Mai karatu zai zaci a nan na ce, kaito, na kulle gida tun safe. Ko kusa. Abin da na ce a raina shi ne, Alhamdu lillahi, tuta tana wurina, layi nawa ne. Na shiga zaure, na miƙa wa ƙanen Baffa kifin na ce ya riƙe mini. Ya buɗe baki zai yi magana, kunya ta rufe masa shi. Na bi lungu. Ƙusa ba komai, wanda kuma daidai ne, tunda ga tuta a wuyana. Ban yi gyaran murya ba. Ni na hana. Na tura ƙofa da ƙarfin mai gaskiya.

Allah ya rufa asiri, Baffa ya gama, ya daidaita tufafinsa, hannunsa ma yana kan hanyar ƙofar. Kwanon ya doki bakin malfarsa ta faɗi. Muka tsaya ido cikin ido, tsoho da tsoho. Na ga auren 'yata yana bin malfar nan zuwa ƙasa. Sai na zaro katakon daga wuyan riga na ɗaga masa kamar jandarma yana nuna kati.

Na ce, "Tuta tana hannuna."

Ya ɗaga ludayi a hankali. Ya dubi nasa, ya dubi nawa.

"Tun yaushe take hannunka, Malam?"

"Tun... tun asuba."

"Kana ina?"

"Bakin kogi."

"Da ita?"

"Da ita."

Ya sauke ludayin. Sai ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah. Akwai Babarbare a danginku?"

Na tuna alkawarin da na yi wa uwargida, amma an haɗa ni da Allah. Na ce, "Kakata."

"Na sani!" Ya buga ludayin a cinyarsa. "Wallahi na sani! Bahaushe zalla ba zai iya wannan aikin ba. Sai bawanmu!" Dariya ta kama shi, irin ta mutumin da ya daɗe bai yi ba, har ya dafa katanga yana share ido.

Da na ga ƙofa ta buɗe, sai na saki kakata. Na ce, "Ni dai na manta katako. Amma a ce mutum ya wuni yana kiwon ɗakin da ba kowa, yana gaida tantabaru, wannan sai Bafulatani. Da saniya ce a ciki ai da ka ji ta tun daga zaure."

"Kai, Babarbare, ka ji tsoron Allah!"

"Ina ji. Yanzu dai, Baffa, a ba ni hanya, tawa tutar ta gaske ce."

Ranar Baffa ya ci kifi kamar ba suruki ba. Bayan azahar ya ce a kira masa yarinyar. Ta zo ta durƙusa bayan labulen zaure, muryarta kamar ba ita ce ke yi mini gardama ba. Ya ce ya ji an ce da ɗan taimakonta aka yi tutar, yana so ya ji ina abin ya karkace.

Ta ce, "Baffa, tutar ba ta yi ƙarya ba. Amana biyu take so. Wanda ya ɗauka shi zai mayar da zarar ya gama. Kuma kada a taɓa yin ta biyu."

"A cikin na'urarku, in ma'aikaci ya tafi bakin kogi da ita fa?"

"Sauran su yi ta zagaye suna duba ƙusa, har na'urar ta yi zafi, aiki ya tsaya."

"Na san wannan zagayen," in ji Baffa. Ƙanensa ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa.

Ta ce shi ya sa su a wurin aiki, ranar da suka rubuta ɗagawa, a nan take suke ɗaura mata saukewa, yadda ko ta wace ƙofa ma'aikaci ya fita sai tutar ta sauka. Baffa ya gyaɗa kai. Ya ce shi bai san na'ura ba. Amma yarinyar da aikinta shi ne kada mutum biyu su yi karo su ji kunyar juna, tana da fulaku, ko da kuwa ubanta ya sha Barno a nono. Sai ya gyara zama, ya cire malfa ya ajiye, ya sa ƙanensa ya kwance ƙullin goron da tun jiya yake ɓoye a jaka. Ya ce, "Malam, mun zo neman iri."

Ban san lokacin da na ce na bayar ba. Daga cikin gida ƙanwar uwargida ta rangaɗa guɗa, tantabaru suka sake tashi. Labule ya motsa, na ji sawun Injiniya tana gudu kamar 'yar yaye.

Na raka su tashar Pitowa, muna tafe muna zagin kakannin juna. Da zai shiga mota ya ce in ba shi katakon ya tafi da shi, yana so ya nuna a ruga. Na ba shi. Har yau in ya aiko gaisuwa sai ya ce a tambayi Babarbare ko yana bakin kogi.

Na dawo gida ƙirjina a buɗe. Na tarar da uwargida tana kwance ƙyalle daga ludayinta, Injiniya tana gefe tana cin tuwo kamar an biya ta. Na tsaya a tsakar gida na gyara babbar riga, don akwai gaskiyar ilimi da bai kamata a bari ta wuce ba.

Na ce, "Hajiya, kin dai ji da kunnenki. Amana biyu aka ce. Ni na karya ɗaya, ke kika karya ɗaya. Wa ya ce ki yi tuta ta biyu? A ilimance rabin laifin naki ne. Ko ba haka ba, Injiniya?"

Injiniya ta cusa loma ta ƙi ɗagowa.

Uwargida ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗauraye ludayin, ta kife shi a kan randa, ta ce, "Malam, tarin nan da ka hana, tun da aka kawo ni gidan nan nake yin sa. Ka taɓa jin ranar da na manta na tafi da shi kasuwa?"